Na je neman direban Kaduna a taskar jakadun Amurka

Mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama, direba ne. Ya yi fiye da shekara 20 yana tuƙa Turawa a Kaduna, wasu na kamfani, wasu na gwamnati, a cikinsu har da Amurkawan da ke aiki a ƙaramin ofishin jakadancinsu da ke garin a wancan zamani. Mutum ne mai riƙe baki. In mun dame shi da tambaya, iyakar abin da zai ce shi ne, "Maganar da aka yi a bayan mota, a bayan mota take kwana." Har ya koma ga Mahaliccinsa ban taɓa jin ya ɗauki zancen wani ya kai wa wani ba.

Ni kuwa tarihi na koyar a sakandare har na yi ritaya. To, bara da damina 'yata ta turo mini adireshin wani shafi a waya, ta ce, "Baba, ga irin mutanen da Kaka yake tuƙawa nan, sun buɗe baki." Ban kwanta ba a daren sai da na leƙa. Yau wata takwas ke nan kusan kullum ina karanta shi tsakanin la'asar da magariba, shi ya sa nake ganin na isa in gaya wa mai sha'awa abin da zai tarar, da abin da ba zai tarar ba.

Shafin na wata ƙungiya ce da ake kira ADST, adireshinta adst.org. An kafa ta a 1986, ba ta neman riba, kuma ofishinta yana harabar makarantar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka da ke Arlington a jihar Virginia. Babban aikinta shi ne ta zaunar da jami'in da ya ajiye aiki, a kunna rikoda, a yi ta tambayarsa tun daga haihuwarsa har ranar da ya bar ofis, sannan a mayar da hirar rubutu a sa wa duniya. Hirarrakin sun haura 2,500. Wanda ya assasa aikin, Charles Stuart Kennedy, shi ma tsohon jami'i ne da ya yi shekara 30 yana aikin biza da kula da 'yan ƙasarsu a wurare irin su Saigon da Seoul da Naples. A wajen jana'izar wani tsohon jakada da ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa ne ya ji dattawa suna ta ba da labarai, ya ga cewa duk wanda aka binne a cikinsu, da labarinsa za a binne shi. Shi kaɗai ya yi hira da mutum fiye da 1,000.

Kyauta ne. Ba rajista, ba a tambayarka lambar katin banki, datarka kawai za ka kashe. Kowace hira fayil ce ta PDF, in ka sauke ta a waya ka huta, ko babu sabis za ka karanta. A saman kowace akwai sunan mai tambaya, da ranar da aka fara hirar, da jerin garuruwan da mutumin ya yi aiki, don haka kana iya tsallakawa kai tsaye zuwa inda kake so. Wasu shafi 30 ne, wasu sun kai ɗaruruwa. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ma ya ajiye kaso mai yawa daga cikinsu a nasa shafin.

Hanya uku ake shiga. Akwai jerin sunaye, ga wanda ya san wanda yake nema. Akwai gajerun labarai da suka tsamo daga dogayen hirarrakin, suna kiransu Moments in U.S. Diplomatic History, kowanne ka gama shi kafin shayinka ya huce. Sai kuma wanda ya fi mini amfani, wato Country Readers: sun bi ƙasa-ƙasa, sun yanko duk inda wani ya yi maganar zamansa a ƙasar, suka jera bisa shekaru. Akwai na Najeriya, akwai na Nijar, da na Cadi da Kamaru da Gana da Sudan. Na Najeriya na fara saukewa, na buga kalmar Kaduna a wurin bincike, na bi ta ɗaya bayan ɗaya. Zan dawo kan wannan.

Abin da ya riƙe ni har wata takwas dai ba Najeriya ba ce. A aji, shekara da shekaru ina ce wa yara "Amurka ta yi kaza, Amurka ta ƙi kaza," kamar mutum guda ce mai zuciya guda. Waɗannan hirarraki suka nuna mini cewa sau da yawa wanda yake wurin, yana gani da idonsa, abin da yake aikawa gida daban, abin da manya suke yankewa a Washington daban.

Dubi Archer Blood. Shi ne ƙaramin jakadan Amurka a Dakka a 1971, lokacin Bangaladash tana Gabashin Pakistan. A daren 25 ga Maris na shekarar sojojin Pakistan suka far wa birnin, suka shiga har jami'a suna kashe malamai da ɗalibai. Blood da ma'aikatansa suna gani, suna ƙirgawa, suna aikawa da rahoto, Washington ta yi gum. Dalili kuwa, Shugaba Nixon da mai ba shi shawara kan tsaro, Henry Kissinger, suna bin ta hannun shugaban Pakistan, Janar Yahya Khan, don buɗe ƙofa da Sin a asirce, ba sa son abin da zai ɓata masa rai. Ranar 6 ga Afrilu ma'aikata 20 suka sa hannu a saƙon tangaraho suna shaida wa gwamnatinsu cewa ba su yarda da wannan shiru ba, har suka kira abin da ake yi kisan ƙare dangi. Blood yana da damar ya danne takardar. Bai danne ba, ya ƙara nasa bayanin a ƙasa, ya aika. Ba a jima ba aka ɗauke shi daga Dakka tun wa'adinsa bai cika ba, kuma har ya bar aiki bai zama cikakken jakada ba. Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati ya san nauyin wannan sa hannun. Mutum yana da iyali, yana hangen ƙarin girma, ga takardar da zai iya sakawa a durowa. Na karanta hirarsa sau biyu. Abin da ya fi taɓa ni, ba ya ɗaga murya, ba ya yabon kansa, yana faɗin abin da ya faru ne kamar mai karanta rajista.

Sai Terence Todman, baƙar fata haifaffen tsibirin St. Thomas, wanda ya fara zama jakada a maƙwabciyarmu Cadi daga 1969 zuwa 1972, lokacin ana kiran babban birnin Fort Lamy. A shekarun 1950 aka tura shi kwas a makarantar Ma'aikatar Harkokin Wajensu da ke Virginia. Lokacin cin abincin rana ya yi, abokan karatunsa farare suka shiga gidan abincin da ke kusa, shi kuwa dokar wariyar jihar ta hana shi zama a ciki. Ana koya masa yadda zai wakilci ƙasarsa a duniya, amma a ƙasar tasa ba shi da kujerar cin abinci. Bai haƙura ba. Ya yi ta kai ƙara sama har ma'aikatar ta karɓi hayar wani ɓangare na gidan abincin don jami'anta su ci tare. Daga baya ya sake wani yaƙin, na al'adar da ake da ita ta tura baƙaƙen jakadu Afirka da tsibiran Karibiyan kawai. Bayan Cadi da Gini ya yi jakada a Kosta Rika, da Sifaniya, da Denmak, da Ajantina, ƙasa 6 ke nan. A 2022 aka sa wa ɗakin cin abincin hedikwatar ma'aikatar sunansa. Da ina aji har yanzu, da wannan hirar zan koyar da darasin wariyar launin fata a Amurka, don yaro zai fi gane yunwar tsakar rana fiye da sunayen dokoki.

Na mata ma akwai shi da yawa, kuma 'yata ta fi ni bin wannan ɓangaren. Har farkon shekarun 1970, jami'a mace in za ta yi aure sai a ce ta ajiye aiki. Elinor Constable, da aka gaya mata haka, sai ta ce a nuna mata inda aka rubuta. Aka duba, babu. Al'ada ce kawai da kowa ya ɗauka doka ce. Ita ce daga baya ta zama jakadiya a Kenya a 1986. Matan jami'ai kuwa, har 1972 ana saka halinsu da iya karɓar baƙinsu a rahoton aikin mazajensu, alhali ba a biyansu ko sisi. An yi hira da su su ma, kuma a bakinsu za ka ji yadda ake rainon yara a garin da ake harbe-harbe, da yadda ake haɗa kayan gida cikin dare.

Wadda ta sa na ajiye waya na fita tsakar gida ita ce ta Prudence Bushnell. Tana jakadiya a Nairobi ta yi ta kuka cewa ginin ofishinsu yana bakin titi a tsakiyar gari, ba shi da kariya, har ta rubuta wa Sakatariyar Harkokin Waje Madeleine Albright wasiƙa kai tsaye. Ba a ɗauke su daga wurin ba. Ranar 7 ga Agusta 1998 da safe, tana ganawa da ministan ciniki na Kenya a wani dogon bene da ke maƙwabtaka, motar bam ta tashi. Mutum 213 suka mutu, 12 Amurkawa, sauran kusan duk 'yan Kenya: ma'aikatan ofishin, da masu wucewa, da fasinjojin bas, da ɗaliban wata makarantar koyon aikin sakatare da gininsu ya rufta. Dubbai suka ji rauni, da yawa gilashi ya makantar. Ta ba da labarin yadda suka sauko daga benen a ƙafa, cikin duhu da hayaƙi da jini. Ita ce kuma shekara 4 kafin nan, tana Washington, take buga wa Kanar Bagosora, jigo a kisan ƙare dangin Ruwanda, waya tana cewa a daina kisa, alhali gwamnatinta ta riga ta yanke cewa ba za ta sa hannu ba. Ba ta wanke gwamnatinta ba, ba ta wanke kanta ba. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wannan ba daɗi a cikinta, amma a bakin mai ita kaɗai za ka ji ta haka.

Akwai na garkuwar Tehran, inda aka tsare Amurkawa 52 kwana 444 daga 4 ga Nuwamba 1979, daga bakin Bruce Laingen da John Limbert da wasunsu. Akwai faɗuwar Saigon a ƙarshen yaƙin Vietnam, a Afrilun 1975. Akwai Edward Perkins, baƙar fatar da Reagan ya tura jakada Afirka ta Kudu a 1986 ana tsakiyar mulkin wariya. Waɗannan an yi ta rubutu a kansu, ba sai na tsaya ba.

Mu dawo gida. Ina aji huɗu a sakandare aka kashe Janar Murtala, ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976. Wata guda kafin nan ya tsaya a Addis Ababa ya mayar wa Shugaba Ford martani kan wasiƙar da ya rubuta wa shugabannin Afirka game da Angola, don Najeriya ta riga ta amince da gwamnatin ƙungiyar MPLA a ƙasar, Amurka kuwa ba ta so. Saboda haka da labarin kisan ya iso mana, babu wanda ya tsaya tambaya, kowa ya san inda zai nuna da yatsa. A Legas masu zanga-zanga suka far wa ofishin jakadancin Amurka da na Ingila. Jakadan da ke ciki a lokacin shi ne Donald Easum. Shekara kusan 50 ina ɗaukarsa ɗan aiken Kissinger ne kawai. Ashe Kissinger ɗin ne ya cire shi daga shugabancin sashen Afirka na ma'aikatar tun bai cika shekara ba, saboda sun saɓa kan kudancin Afirka, ya turo shi Legas. Kuma yana nan har dangantaka ta gyaru, Shugaba Carter ya zo Legas a ƙarshen Maris 1978 ya gana da Janar Obasanjo. Ba na cewa karanta wannan ya goge zargin da muka tashi da shi. Ba a irin wannan hira ake tona asirin ƙasa ba. Amma ya hana ni ci gaba da koyar da abin a sauƙaƙe kamar yadda na saba, ko a zuciyata.

Haka Thomas Pickering, wanda ya yi jakada a nan daga 1981 zuwa 1983, zamanin Shagari, ya kuma dawo a matsayin babban jami'i, yana cikin ɗakin da Abiola ya kamu da ciwon ajali ranar 7 ga Yuli 1998 a Abuja. Hirarsa tana cikin mafiya tsawo a taskar. Ɗalibin da ke rubutu kan waɗannan shekaru bai kamata ya wuce ta ba.

Yanzu ga abin da mai shiga ya kamata ya riƙe. Na farko, da Turanci ne duka, kuma Turancin baka, cike da gajerun sunayen ofisoshinsu. Makon farko sai da na ware littafi ina rubuta su. Na biyu, tuni ne, ba rahoto ba. Dattijo ne yake faɗin abin da ya faru shekara 20 ko 30 baya, shekaru kan shige masa cikin juna, sunan gari ko na mutum kan fito a karkace, musamman namu. Ana kuma ba wanda aka yi hirar da shi rubutun ya duba kafin a fitar, kuma ba a yarda ya faɗi abin da har yanzu sirri ne ba. Ƙungiyar da kanta tana faɗa cewa ra'ayin mai magana ne, ba na gwamnati ba. In abu ya yi mini nauyi, nakan je shafin ofishin tarihi na ma'aikatar, history.state.gov, inda suke buga ainihin takardun da aka yi musaya a lokacin, aikin da suka fara tun 1861, in gwada abin da mutum ya tuna da abin da ya rubuta. Wani lokaci su dace, wani lokaci su saɓa, kuma saɓanin kansa darasi ne.

Na uku, ba kowa ne Blood ko Todman ba. Akwai wanda zai yi shekara biyu a ƙasa, ya fito ba abin da ya riƙe sai zafin rana da lalacewar wayar tarho. Akwai wanda za ka ji raini a muryarsa in yana maganar mutanen da ya zauna a cikinsu. Na so a ce ba haka ba, amma na gode da ba a goge ba, don shi ma gaskiyar yadda aka kalle mu ce. A gefe guda kuma akwai waɗanda suka koyi harshe, suka shiga ƙauye, suka ci tuwo da hannu, suna kiran abokansu da suna bayan shekara 40. Da ka karanta shafi biyar za ka gane da wane iri kake tare.

Ban sami mahaifina ba. Na bi kalmar Kaduna har ƙarshe, na ga Sardauna, na ga juyin mulkin Janairun 1966, na ga tafiye-tafiye zuwa Kano da Sakkwato da Maiduguri. Na sake bincike da kalmar direba a Turance. Suna nan birjik, a kowace ƙasa: direban da ya san hanyar da ba shingen soja, direban da ya ce kada a fita yau, kuku, mai gadi, akawun da ya yi shekara 30 a ofis yana koya wa kowane sabon zuwa aiki. Jakadun da yawa suna yaba musu da zuciya ɗaya, wasu ma suna cewa da ba don su ba da ba su tsira ba. Sai dai akasari ba suna, kuma ba su ne ke magana ba. An yi hira da wasu ma'aikata 'yan ƙasa, amma kaɗan ne in aka gwada da sauran. Ban ga laifin kowa a nan ba. Taska ce ta Amurkawa, sun tara tunanin mutanensu, sun kuma buɗe wa kowa ƙofa ba tare da karɓar kwabo ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk tafiyar da na karanta daga Kaduna zuwa Kano, akwai mutum a gaba riƙe da sitiyari, yana jin komai, yana da nasa fahimtar, kuma ya tafi da ita.

Ga malamin tarihi, da ɗalibin kimiyyar siyasa, da ɗan jarida, da matashin da ke burin aikin jakadanci, ina ba da shawarar shafin nan ba tare da jan numfashi ba. Kada ka fara da dogayen hirarrakin, za su kayar da kai. Fara da gajerun labaran, in wani ya kama ka sai ka nemi cikakkiyar hirarsa. Kada kuma ka tsallake shafukan farko inda ake tambayar mutum iyayensa da makarantar firamarensa. Da farko nakan wuce su, daga baya na gane a nan ake sanin wanda zai sa hannu a takarda da wanda zai saka ta a durowa. Mai ƙaramar waya ya kwantar da ita a kaikaice, rubutun ya fi fitowa. Ni da idona ya fara rauni, 'yata ta buga mini na Todman da na Bushnell a takarda.

A Tudun Wada akwai wani dattijo, abokin aikin mahaifina, ya haura 90, ƙafa ta ƙi amma kai garau. Tare suka yi tuƙi, shi ma ya ɗauki Amurkawan. Na je gaishe shi da ƙaramar salla, na ba shi labarin shafin nan. Ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, waɗanda muka riƙe wa amanar duk sun mutu, ko?" Na ce, "Akasarinsu, Baba, kuma sun faɗi nasu kafin su tafi." Ya ce in dawo ranar Asabar da hantsi, kafin rana ta yi zafi. Na sayi sabon katin ajiya na waya, na rubuta tambayoyina a bayan tsohon littafin darasi. Ta farko irin wadda Kennedy yake farawa da ita ce: a ina aka haife ka, kuma wace sana'a mahaifinka yake yi.